Kunne Ya Girmi Kaka: Yadda Mai Karatun Kuɗi Zai Shiga Karatun Tarihi

A watan Fabrairun 2023, lokacin da takardun naira suka yi ɓatan dabo, na kai gero buhu biyu kasuwar Gujungu, na komo da abina gida. Masu saye suna nan birjik, tsabar kuɗin ce babu, tiransifa kuwa sai mutum ya ɗaga waya sama kamar mai duban jinjirin wata. Da la'asar sakaliya ina zaune ƙofar gida ina ta mita, sai Baffa, ƙanen mahaifina da ya ba tamanin baya, ya dube ni ya ce, "Malam, kai yau ka fara ganin canjin kuɗi, shi ya sa kake ta kumfar baki." Ya shiga lissafo mini da yatsu: wanda aka yi ana tsakiyar yaƙin Biyafara, da wanda fam ya tafi naira ta zo, da na zamanin soja da aka rufe iyakoki aka ba mutane 'yan kwanaki su kai tsofaffin kuɗi banki. Da na bincika daga baya sai na sami shekarun: 1968, da 1973, da 1984.

Abin ya tsaya mini a rai. Ni malamin firamare ne, ina ɗan taɓa ajiyar hatsi, in saya da kaka in sayar da bazara, kuma a lokacin na kai shekara shida ina karanta littattafan kuɗi. Na san tsara kasafin gida, na san hannun jari, na san yadda kuɗin ruwa ke ninka kansa, ko da yake ba na kusantarsa. Amma duk littattafan nan an rubuta su ne a ƙasashen da mutum ke kwana ya tashi kuɗinsa na nan yadda ya bar su. Babu ɗayansu da ya shirya ni wa ranar da kuɗin da kansu za su ɓace. Tsohon da bai yi boko ba shi ya riga ni sanin haka, don ya gani da idonsa har sau uku.

Tun daga ranar na soma karkata wajen tarihi. Ga hanyar da na bi, tare da wuraren da na yi tuntuɓe, ko wani mai hali irin nawa zai rage wa kansa wahala.

Ka shiga ta ƙofar da ka sani

Kuskuren da na fara yi shi ne ɗauko wani ƙaton littafi na tarihin duniya, wai in fara tun daga farko. Ban kai shafi na arba'in ba na ajiye, don sunaye ne kawai ke wucewa ta gabana kamar motocin kan titin Haɗeja. Mutumin da ya saba da lissafi yana buƙatar tambaya kafin ya buɗe littafi.

Saboda haka, kafin ka sayi komai, ɗauki biro ka rubuta tambayoyi uku da sana'arka ko garinku suka jefa maka. Nawa su ne waɗannan. Me ya sa tsofaffi ke ce wa naira ɗari biyu jaka? Me ya kawo tsofaffin sito-sito gefen layin dogo a Ringim da Malam Madori, alhali yanzu ba abin da ake zubawa a ciki? Kuma me ya sa kakata, har ta koma ga Allah, in an ce "haraji" sai ta rage murya? Naka suna iya zama a kan gona, ko kasuwar garinku, ko dalilin da unguwarku ake ce mata Agalawa ko Zangon Barebari. Abin nema dai, ta kasance tambayar da in ka sami amsarta za ka so ka gaya wa wani a majalisa.

Ta farkon ma amsarta gajera ce: jaka fam ɗari ce, da aka koma naira a 1973 kuwa fam ɗaya ya zama naira biyu. Amma ita ta ja ni har zuwa zamanin wuri.

Gyara zaman karatun

Yawancin littattafan kuɗi da na karanta magana ɗaya suke ja kamar danƙo. Kana iya tsallake babi uku ba ka yi asarar komai ba, kana iya ajiyewa wata guda ka dawo. Tarihi bai yarda da wannan ba. In ka bar shi mako biyu, da ka dawo ka manta wane ne ɗan wane, sai ka sake daga baya. Shi ya sa kaɗan kullum ya fi da yawa jefi-jefi. Shafi goma a rana na ɗora wa kaina, watau littafi mai shafi 300 a wata ɗaya.

Lokacin kuwa sai ka duba shekara yadda take a ƙauye. Da rani da hunturu akwai sarari: bayan asuba in an gama azkar, kafin yara su fara hayaniyar koko, minti talatin tana samuwa cif. Da bazara, tsakanin azahar da la'asar, lokacin da zafi ya hana kowa motsi, gindin darbejiya ya fi kowane laburare. Da damina kar ka yaudari kanka. Wanda ya wuni yana noman firi ba zai karanta shafi goma da dare ba, fitilar za ta kwana a kunne a kan ƙirjinsa. Ni shafi uku nake yi a watannin nan, don dai zaren kar ya tsinke. Da azumi kuwa nakan ajiye komai in koma ga Alƙur'ani, ban kuma taɓa ganin hakan ya rage mini wani abu ba.

Waya kuma a bar ta a ɗaki. In littafin a cikin wayar yake, a kashe data tukuna.

Littafin farko ya zama na Hausa, kuma na gida

Ko Turancinka ya nuna, fara da harshen da kake mafarki da shi. Akwai Kano ta Dabo Cigari na Wazirin Kano Alhaji Abubakar Dokaji, wanda ya fito a 1958, ga kuma Labarun Hausawa da Maƙwabtansu da aka buga a farkon shekarun 1930, wanda a cikinsa akwai tsohon tarihin sarakunan Kano da aka juyo daga Larabci. Ɗan Jigawa kar ya ce wannan ba nasa ba ne: sai 1991 aka yanke jihar daga Kano, ƙasar Dutse da ta Ringim kuwa a da duk a cikin masarautar Kano suke.

Wannan tsohon tarihi, in ka karanta shi haka kawai, jerin sarakuna ne da yaƙe-yaƙe: wane ya hau, ya yaƙi Katsina, ya yi shekara kaza, ya mutu. Dabarar ita ce ka riƙe fensir ka bi shi da idon ɗan kasuwa. Duk inda ka ga an ambaci kasuwa, ko haraji, ko fatake, ko wani kaya da aka ce a zamanin wane ya fara zuwa, yi ɗan layi a gefe. Da na yi haka sai littafin ya zame mini wani abu dabam. A zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, aka kafa kasuwar Kurmi. Kutumbi, a ƙarni na 17, shi aka ce ya fara karɓar jangali a hannun Fulani. A zamanin Sharefa, farkon ƙarni na 18, wuri ya shigo ƙasar Hausa, kuma shi wannan sarkin ne aka lissafa masa sababbin haraji iri-iri. Ka ga kuɗi mai sauƙin ƙirgawa da mai karɓar haraji kusan tare suka iso.

Wanda ya fi tsaya mini shi ne Kumbari, magajin Sharefa, da ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743. Ya matsa wa Kurmi da haraji har kasuwar ta kusa mutuwa, ya sa har malamai su biya, sai Larabawan birni suka tattara suka koma Katsina, talakawa kuma suka watse ƙauyuka. Layuka kaɗan ne a littafin. Amma duk wanda ya taɓa ganin 'yan kasuwa sun ƙaurace wa wata kasuwa saboda yawan masu yankan rasit a bakin hanya, ya san me ake faɗa ba sai an yi masa sharhi ba.

Kar ka damu da haddace sarakuna. Waɗanda suka shafi tambayarka za su zauna da kansu.

Littafin rubutu: nan aikin yake

Sayi littafin rubutu mai kauri, irin na 'yan sakandare, ka raba shi gida uku.

Gida na farko na shekaru ne. Ja dogon layi a shafi biyu da ke fuskantar juna, ka kafa turaku kamar goma, ba ƙari. Nawa ga su: zamanin Rumfa; 1804, hijirar Shehu Usmanu zuwa Gudu da fara jihadi; 1819, hawan Ibrahim Dabo sarautar Kano; 1893 zuwa 1895, basasar Kano; 1903, shigar Turawa Kano; 1906, yaƙin Haɗeja; 1912, jirgin ƙasa da gyaɗa; 1960, samun 'yancin kai; 1973, zuwan naira; 1991, yanke jihar Jigawa. Duk wani sabon abu da ka karanta, sai ka ɗaure shi a jikin turken da ya fi kusa da shi. Bayan wata uku za ka ga kana jin shekara kana sanin inda ta faɗa, kamar yadda kake sanin tsakanin Taura da Gumel ba sai ka duba taswira ba.

Littattafan malamanmu da shekarar hijira suke lissafi, na 'yan boko da miladiyya. Ga yadda nake juyawa da ka: a cire uku daga kowace ɗari, a ƙara 622. Misali 1218: sha biyu sau uku 36 ke nan, in an cire saura 1182, a ƙara 622, ya ba da 1804. Gwada da 1232, shekarar rasuwar Shehu, za ka faɗa a 1818, alhali a 1817 ya rasu. Wani lokaci yakan kauce da shekara ɗaya, don shekarun biyu ba rana ɗaya suke farawa ba.

Gida na biyu na kuɗi da ma'auni ne, kuma a nan mai karatun kuɗi ya fi kowa riba. Rubuta tsanin tsofaffin kuɗi: anini goma kwabo ɗaya, kwabo uku taro, shida sisi, sha biyu sule, sule ashirin fam. Na zamanin wuri kuma: zambar dubu ce, keso dubu ashirin. Sa'an nan ka kafa wa kanka doka, kada ka taɓa juya tsohon farashi kai tsaye zuwa naira. Masu cewa "da sule biyu ake sayen tunkiya" gaskiyarsu ce, amma ba su gaya maka kwana nawa mutum ke ƙodago kafin ya sami sule biyun ba. Kullum nemi abin aunawa: tiya nawa ta gero kuɗin za su saya, ko kwana nawa na aikin gona. In littafin bai ba ka wannan ba, rubuta farashin ka bar gurbi a gefensa, wata rana wani littafin zai cike.

Ta wannan gidan na gane cewa faɗuwar darajar kuɗi ta girmi naira nesa ba kusa ba. Bature matafiyi Barth, da ya sauka Kano a 1851, ya tarar ana canza dalar azurfa ɗaya a wuri 2,500. Asalin wurin daga tsibiran Maldibis na tekun Indiya ake kawo shi, yana tsada saboda nisan hanya. Sai 'yan kasuwar Jamus suka soma loda wani iri mai araha daga gaɓar Zanzibar cikin jiragen ruwa suna jibgewa a gaɓar Afirka ta Yamma. Kafin ƙarnin ya ƙare wuri ya zube, har ya zama ɗaukarsa zuwa nesa yana cinye wani babban kaso na darajarsa. Ba gwamnan babban banki, ba injin buga kuɗi, amma cutar dai ita ce: kuɗi sun yi yawa, kaya suna nan yadda suke.

Gida na uku na sunaye ne, musamman yadda Turawan farko suka rubuta su da kunnensu. Za ka ga Zazzau ta zama Zegzeg, kuɗi sun zama kurdi. Ka rubuta nasu, ka rubuta namu a gefe. Haka sarautu: Galadima, Madaki, Makama, Ciroma, da garin da kowanne ke riƙe da shi a lokacin da ake magana, don sukan sauya.

Gadar da za ta ƙetarar da kai

Bayan littafi ɗaya ko biyu na Hausa, nemi tarihin wani kaya guda. Shi ne gada tsakanin karatun da ka baro da wanda ka nufa. A ƙasarmu ba kamar gyaɗa. Jan Hogendorn ya yi littafi a kan yadda fitar da ita waje ya faro, an buga shi a Zariya a 1978, Paul Lovejoy kuma ya yi a kan fataucin goro zuwa Gwanja. Da Turanci suke, kuma Turancin jami'a, to ga yadda za ka ci su ba tare da sun shaƙe ka ba. Karanta gabatarwa sau biyu. Tsallaka ka karanta babin ƙarshe. Juya bayan littafin inda aka jera sunaye bi da bi, ka nemi garinku ko na kusa da ku, ka karanta shafukan da aka nuna. Sai bayan nan ka faro daga farko, ka ƙyale ƙananan rubutun ƙasan shafi a zagayen farko. Kalmar da ba ka sani ba, in ba ta hana ka gane jimlar ba, wuce ta. In ta dawo sau uku, duba ƙamus.

Labarin gyaɗar kansa ya isa ya biya ka wahalarka. Turawa sun kawo layin dogo Kano a 1911 da burin auduga, don masaƙun Ingila. Manoman Kano suka yi nasu lissafin. Masaƙan gida suna sayen auduga da daraja fiye da Bature, gyaɗa kuwa kuɗinta ya fi, in kasuwa ta ƙi a ci abinta, mata su yi mai da ƙuli-ƙuli. Tsofaffin fataken goro, waɗanda suka riga suka san bashi da amana da yaran gida, su suka bazu ƙauyuka suna raba kuɗi da kaya tun kafin kaka. Daga wannan zuriya ta fatake Alhassan Ɗantata ya fito, mutumin Bebeji, wanda ya rasu a 1955. Da kakar 1912 gyaɗa ta cika tashar Kano har jirgi ya kasa kwashewa. Layin Nguru, wanda ya ratsa Ringim da Gagarawa da Malam Madori, an gama shi a 1930, amsar tambayata ta biyu ke nan.

Ci gaba da bin zaren, za ka iske hukumar sayen gyaɗa da aka kafa a 1949, mai yanka wa manomi farashi ƙasa da na kasuwar duniya ta riƙe rarar. Za ka iske farin 1973, da cutar da ta kama gyaɗa a 1975, da kuɗin fetur da suka sa gwamnati ta daina waiwayar dalar gyaɗa. Yanzu duk lokacin da na ga tirela tana lodin riɗi ko zoɓo a Maigatari, tambayoyin da nake yi sun sauya: wa ke yanka farashin nan, wa ya ba da kuɗin tun kafin girbi, in mai saye na waje ya juya baya kuma, shin abin nan ana iya tuƙa tuwo da shi?

Kada ka saurari bakin mutum ɗaya

Mai karatun kuɗi ya san in an kawo masa lissafi sai ya tambayi wanda ya rubuta. Haka za ka yi wa tarihi. Kafin ka fara kowane littafi, rubuta abu uku a littafin rubutunka: wane ne marubucin, yaushe ya rubuta, tuwon wa yake ci. Bafade ba zai tona asirin gidan da ya rene shi ba. Jami'in mulkin mallaka yana so ya nuna kafin zuwansu duhu ake ciki. Ɗan siyasa yana da nasa. Duk ana karanta su, amma da ido buɗe.

Gwada da basasar Kano. Sarki Muhammadu Bello ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur ɗan Bello, 'ya'yan tsohon Sarki Abdullahi Maje Karofi suka ƙi, suka fice zuwa Takai bayan ɗan'uwansu Yusufu. Yusufu ya rasu a Garko, ɗan'uwansa Alu ya karɓi jagoranci ya ci birni. Karanta yadda littafin fada ya kawo labarin, sa'an nan ka nemi na Adamu Fika na 1978, wanda ya bi takardu da bakin mutane. Inda suka saɓa, nan ne wurin tsayawa. Haka Sarki Buhari na Haɗeja, wanda ya bijire wa Sakkwato a tsakiyar ƙarni na 19: yadda ake ba da labarinsa a Haɗeja dabam, yadda garuruwan da ya kai wa hari ke ba da shi dabam. Gumel kuwa ba ta taɓa zama ƙarƙashin tutar Sakkwato ba, Barno take bi, don haka in ka karanta tarihin yankin daga bakin Sakkwato kaɗai, ka bar Gumel a waje.

In gaya maka gaskiya tun yanzu, za ka ci karo da abin da ba zai yi maka daɗi ba. Bayi suna cikin dukiyar da ake lissafawa, ana biyan bashi da su, ana kai su gaisuwa, rinji, watau ƙauyen bayi, da gandu da ƙarfinsu suka tsaya. Wataƙila kakanninka suna cikin masu su, wataƙila suna cikinsu. Labarin Baba mutuniyar Karo, wadda ta ba wata Baturiya tarihin rayuwarta wajen 1950, ya nuna wannan zaman daga cikin gida, ta bakin mace, kuma akwai shi da Hausa. Abin da ka karanta na asalin wani gida a garinku, ka bar shi a cikinka. Ba a kai irin wannan majalisa.

Tsofaffin garinku

Kowane wata, ware yamma ɗaya ka kai wa wani tsoho ko tsohuwa gaisuwa, da ɗan goro ko sukari. Kada ka ce "Baba, ba ni tarihi," zai fara maka daga Bayajida. Tambayi abu ƙanƙane: nawa aka biya sadakin Inna, wa ke auna gyaɗa a garin nan, ina ake kai harajin, me aka yi wa wanda ya kasa biya. Kada kuma ka tambayi shekara da lamba. Tsofaffi da abin da ya faru suke ƙirga: shekarar fara, shekarar Sarauniya ta zo, shekarar da aka kashe Sardauna. Kai ne za ka koma gida ka sa 1956 da 1966 a gefe. Yunwa ma sunaye gare ta. Ƙaƙalaba ita ce ta 1914, 'Yar Buhu ta 1927, 'Yar Gusau ta wajen 1942, ko da yake wani gari yana da sunan da yake kiranta da shi, wanda shi ma abin rubutawa ne.

Tsofaffin mata sun fi maza riƙe farashi. Namiji zai gaya maka wanda ya yi hakimci, mace za ta gaya maka abin da aka ci a shekarar, da kwanon da aka sayar don a biya haraji. A bakin wata gwaggona na fahimci dalilin da kakata ke rage murya, na kuma fahimci irin murnar da aka yi a 1979 da gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a tsohuwar jihar Kano.

In maganar tsoho ta saɓa da littafi, kar ka gyara masa. Rubuta duka biyun. Sau da yawa littafin ya fi shi daidai a shekara, shi kuma ya fi littafin sanin yadda abin ya sauka a kan mutane.

Samun littafin da tsare shi

Wannan ita ce wahalar ƙauye. Duk ranar da wata hidima ta kai ka Kano, ware awa biyu: masu tsofaffin littattafai na Sabon Gari, da masu littattafan Larabci da ajami na Kurmi, da laburaren Murtala Muhammad in kana da lokacin zama. Gidan Makama kuma yana nan kusa da fada, shigarsa sau ɗaya za ta sa abin da ka karanta ya yi jiki. Ɗaliban garinku da ke Jami'ar Bayero, ko ta Dutse, ko ta Kafin Hausa, su ma hanya ce, don ɗakunan karatunsu na da abin da kasuwa ba ta da shi. Littattafan matafiyan ƙarni na 19 sun tsufa har an sake su kyauta a intanet. Sauke su ranar da ka shiga gari inda sabis ke da ƙarfi.

Mu huɗu muka haɗa ɗan adashin littafi, duk wata mutum ɗaya ya saya, ya karanta, ya miƙa. Sharaɗinmu ɗaya: duk wanda ya ara, a rubuta sunansa da rana. Kunya ta cinye mini littattafai fiye da gara. Ita garar kuma maganinta akwatin ƙarfe a kan bulo, nesa da bango, da ƙwayar kafur a ciki, a riƙa fito da su shan iska bayan damina.

Daga nan sai faɗaɗawa

In ka yi shekara a kan Kano da maƙwabtanta, hanyoyin waje za su buɗe da kansu, don fataken da kake bi ba su tsaya a gida ba. Wangarawan da suka zo Kano zamanin Sarki Yaji za su kai ka Mali, inda za ka tarar da Mansa Musa, wanda ya ratsa Misira a hanyar hajji a 1324 ya rabar da zinariya har darajarta ta faɗi a Alƙahira. Kumbari zai kai ka wurin Ibn Khaldun, wanda tun 1377 ya lura cewa daula a farkonta haraji kaɗan take ɗorawa ta tara da yawa, a ƙarshenta kuwa ta ɗora da yawa ta tara kaɗan. Wuri zai kai ka Jamus ta 1923, inda ma'aikaci ke rugawa kasuwa da albashinsa kafin farashi ya sauya da yamma. Ni yanzu tarihi biyu nake karantawa, in sa na kuɗi ɗaya a tsakani, don har gobe ina buƙatar lissafin. Sai dai kar ka sa ran tarihi zai gaya maka nawa buhun gero zai kai a watan Yuni. Na taɓa ɗaukar kaina masani na cika ɗaki da kaka, bazara ta zo farashi ya sauka, na sayar da asara kamar kowa.

Kwanan baya na koma wa Baffa da littafin rubutuna, na karanta masa tsanin tsofaffin kuɗin, ko na yi kuskure. Ya saurara har ƙarshe, ya ce na manta ɗari, watau rabin kwabo, da nai, kwabo tara. Sa'an nan ya aika jikarsa ta ɗauko wani tsohon gwangwani a ƙarƙashin gado, ya zazzage shi a kan tabarma. Cikin maɓallai da tsofaffin makullai sai ga anini guda, da hujinsa a tsaka da tauraronsa. Ya ce ba zai ba ni ba, na marigayiya ne. Na ɗora takarda a kansa na goga fensir har zanen ya fito, gaba da baya, na rubuta ranar a ƙasa.